Gashin kaza sukutum a eya firaya da lemon tsami da ganyen ƙamshi, wa ya saba yi?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda hannunsu ya faɗa da eya firaya, na'urar nan ta lantarki mai gasa abinci da iska mai zafi. Tawa mai lita 5.5 ce, tunda na saya dankali da fukafukai da kifi kawai nake yi a ciki, yanzu kuma so nake in saka kaza guda sukutum ba tare da na yayyanka ta ba, irin wadda ake cusa wa lemon tsami a ciki a shafe ta da bota da ganyen ƙamshi. Tsorona kar waje ya yi ja ya ƙone ciki kuwa da jini. Zafi nawa zan saka, minti nawa, kuma lemon ɗin matse shi zan yi a jikinta ko yaya? Sannan kazar Hausa za ta yi ko dole sai ta gidan gona?

Ummu_Sadiq:
Wa'alaikumussalam Maman Ilham. Tana yi mana, mu kusan ita ce cimar Juma'a a gidanmu. Ki nemi kazar gidan gona wadda ba ta wuce kilo ɗaya da rabi ba bayan an gyara ta, in ta fi haka a lita 5.5 za ta taɓo ƙarfen wutar da ke sama ta ƙone. Zafi 180 a ma'aunin salshiyos, ki kifa ta ƙirji a ƙasa minti 35, sai ki juyo ta ƙirji ya kalli sama ki ƙara 20 zuwa 25. In kin fito da ita kar ki sa wuƙa nan take, ki bar ta ta huta kamar minti goma ko sha biyar, in ba haka ba duk ruwan jikinta a faranti zai tsiyaye.

Zee_Kitchen:
Ina nan ina bin bayani, nima tambayar da ke raina kenan

Hajiya_Turai:
Ni dai 'ya'yana kun san ba na cin kazar gidan gona, naman ba ya da ɗanɗano a bakina, sai laushi kawai. Amma gaskiya Maman Ilham kar ki ɗauko zakaran gida ki jefa a wannan na'ura da ɗanyensa, haƙoranki za su gaya miki. Ni yadda jikata take min, sai ta tafasa kazar guda da albasa da citta da tafarnuwa da kanumfari har ta fara laushi, ta tsame ta ta sha iska, sannan ta shafe ta da mai da yaji ta saka minti ashirin kawai don ta yi ja. Romon kuma a yi miya da shi ko a dafa shinkafa. Kin ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Abba_Kuku:
Hajiya Allah ya ƙara lafiya, maganarki gaskiya ce game da kazar gida, ita da tsohuwar kazar ƙwai duk sai an tafasa. Sai dai wannan ya zama wani girkin daban da wanda Maman Ilham take nema, don in aka tafasa kaza fatar ta riga ta sha ruwa, ba za ta yi ƙaras-ƙaras ɗin da ake so ba, kuma ƙamshin lemon da ganye ba ya shiga naman da ya riga ya dahu.

Maman Ilham bari in faɗa miki abin da mutane suke rainawa alhali shi ne rabin aikin, wato busar da kazar. Ki samu tishu mai kauri ko tsumma mai tsafta ki goge ta ciki da waje, ƙarƙashin fukafukai, tsakanin cinya da ciki, har sai kin taɓa fatar kin ji ba danshi. Ki barbaɗa gishiri kamar cokalin shayi biyu ba a cika ba ga kaza mai kilo ɗaya da rabi, in za ki sa dunƙule to ki rage. Ki ɗora ta a faranti a firji ba murfi ta kwana, ko dai ta yi awa huɗu zuwa biyar. Da safe za ki ga fatar ta ɗan ɗame tana sheƙi, to haka ake so.

Lemon kuma kashi uku nake raba aikinsa. Ɓawon waje in kankare shi da abin goga, saman kawai, kar a kai ga farin nan na ciki don shi ne mai ɗaci. In haɗa shi da bota mai laushi cokali biyu, tafarnuwa dakakkiya, tayim, rozmeri yankakke ƙanana, masoro. In zura yatsa ta wajen wuya in ɗaga fatar ƙirji a hankali kar ta yage, in tura haɗin nan ƙarƙashin fata in baza shi har wajen cinyoyi. Rabin lemon ɗin in cire 'ya'yan in cusa a cikin kazar da rabin albasa. Ɗaya rabin kuma a ajiye, sai kaza ta fito ta huta a matse a kai. Fatar waje mai kaɗan kawai take so.

Maman_Ilham:
Kai ma sha Allah, Malam Abba na gode sosai. Wato kenan kar in jiƙa ta da ruwan lemon ta kwana? don ni abin da na yi niyya kenan wlh

Abba_Kuku:
A'a kar ki yi. Tsami in ya daɗe a kan nama yana sauya shi, saman naman ya yi fari-fari ya yi wani irin gari-gari a baki, fata kuma ta jiƙe ta ƙi yin ja. In dai lallai kina son jiƙawa, awa ɗaya zuwa biyu ya isa, kuma ki sake goge ta kafin ta shiga.

Ummu_Sadiq:
Ni fa Malam Abba a nan ban yarda da kai duka ba. Ina jiƙa tawa da lemon tsami da yogot da tafarnuwa tun dare kuma ba wanda ya taɓa cewa naman ya lalace, yara har ƙashi suke tsotsewa. Eh fatar ba ta yin ƙaras sosai na yarda, amma mu a gidanmu ma ba kowa ke cin fata ba, maigida cire ta yake ya ajiye gefe.

Abba_Kuku:
Yogot ai tsaminsa mai sauƙi ne Hajiya, shi ya sa. Gwada da zallar ruwan lemon tsami guda huɗu ki gani. Amma in fata ba ta dame ku ba hanyarki ma daidai ce.

Sadiya_Gwale:
Tsaya tukun, wane lemon ake magana? ƙananan nan kore namu na kasuwa ko manyan nan rawaya da ake sayarwa a manyan shaguna? don na ga farashinsu ba ɗaya ba ko kusa

Bilki_Ingila:
@Sadiya_Gwale a girkin Turawa rawayan ake nufi, nan Ingila shi ne ko'ina kuma shi ne mai araha. Amma da nake gida da namu kore nake yi kuma yana daɗi, sai dai ya fi ƙarfi kuma ɓawonsa ya fi saurin ɗaci in ya sha wuta. Don haka in da ƙananan za ki yi, guda ɗaya a ciki ya isa, ki yanka biyu ki cire 'ya'yan. Wata dabarar kuma ki haɗa da ɗan ɓawon lemon zaƙi, ƙamshin yana fitowa da kyau.

Sadiya_Gwale:
Yawwa ngd. Gobe dama zan bi ta 'Yan Lemo

Dan_Baiwa:
Ni tambayata ɗaya, duk wannan wahalar ta mece ce? ga masu gashin kaza nan a bakin titi kowane dare, ka miƙa kuɗi a yanka maka a barbaɗa yajin ƙuli a sa albasa da kabeji a naɗe maka. Wace na'ura ce za ta ba ka ƙamshin gawayi?

Zee_Kitchen:
Hhhh Dan Baiwa kai dai ka faɗi gaskiya ba ka iya girki ba

Dan_Baiwa:
Na iya dafa indomi da ƙwai, kar a raina ni

Hajiya_Turai:
Yaron nan bai yi ƙarya ba fa, ƙamshin gawayi daban ne. Amma ta gida ka san wanda ya yanka, ka san ranar da aka yanka, ka san man da aka sa.

Nas_Rabi:
Bari in shigo ta ɓangaren lafiya tunda Maman Ilham ta ambaci jini. Minti da aka faɗa miki kiyasi ne kawai, na'ura ta bambanta da na'ura, kaza ta bambanta da kaza. Abin dogaro shi ne zafin cikin naman ya kai 74 a ma'aunin salshiyos, a wajen da ya fi kauri, wato cikin cinya kusa da inda ta haɗu da jiki, kuma kar tsinken ma'aunin ya taɓa ƙashi don zai ba ki lissafin da ba daidai ba. A wannan zafin ne ƙwayoyin cuta irin su salmonela suke mutuwa, su ne masu kawo gudawa da amai da zazzaɓi bayan an ci kaza da ba ta dahu ba. Ma'aunin zafin nama ɗan ƙarami ne, masu sayar da kayan kek suna da shi, ki saya ki huta da zullumi.

In babu, ki soka wuƙa a wannan wajen ki ga ruwan da zai fito, in fari ne tas ba ja ba to alama ce mai kyau, ki kuma girgiza ƙafar ki ji tana motsi sakwa-sakwa. Sai dai launi ba ya cika faɗin gaskiya. Kazar gidan gona ƙarama ce a shekaru, ƙashinta bai yi ƙwari ba, musamman in ta sha firiza za ki ga jikin ƙashi ya yi ja ko duhu ko da naman ya dahu sarai, ɓargo ne ya fito. Mutane da yawa suna ganin haka su mayar da kaza wuta har ƙirjin ya bushe.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Anti Rabi, wannan jan na jikin ƙashi wlh ya sha ɗaga min hankali ko a soyayya

Fa'iza_Tudunwada:
To ni Anti Rabi na ji ana cewa wai likitocin Turai sun ce kar a wanke kaza kafin a dafa. Wannan wace irin magana ce dan Allah? kazar da aka fige a kasuwa cikin ruwan zafin da kaji hamsin suka shiga, a ce kar in wanke?

Nas_Rabi:
Gaskiya ne hukumomin kula da abinci a Ingila da Amurka suna ba da wannan shawarar, dalilinsu shi ne ruwan da ke fallatsa daga jikin ɗanyar kaza yana watsa ƙwayoyin cuta a kan kwanuka da wajen wanke-wanke da kayan salak da ke kusa, kuma wankin ba ya kashe komai, wuta ce ke kashewa. Amma su tasu kazar a gyare take zuwa cikin leda. Tamu da ake yankawa a gabanka ga jini ga sauran gashi ga ƙasa dole a wanke. Abin da nake yi, a cikin roba nake wankewa ba ƙarƙashin famfo yana zuba ba, in zubar da ruwan a hankali, in wanke robar da wuƙa da katako da hannuna da sabulu. Kuma lemon tsamin da muke cuɗa kaza da shi ƙarni yake cirewa, kar a ɗauka ya kashe cuta.

Bilki_Ingila:
Nan ma duk 'yan Afirka da na sani wankewa suke yi, ba wanda ya daina hhh

Fa'iza_Tudunwada:
Ato. Ni ko a Makka aka gyara ta sai na wanke

Injiniya_Auwal:
Duk kuna ta maganar lemon ba wanda ya taɓo wuta. Yawancin eya firaya masu wannan girman suna jan wat 1400 zuwa 1800. Ƙaramin janareto irin na aski da cajin waya ba zai ɗauka ba ko kusa, kar ma a gwada. Sai mai 2.5kVA zuwa sama, shi ma a kashe dutsen guga da abin dafa ruwa. Masu sola su duba ƙarfin inbatarsu kuma su yi gashin da rana tsaka lokacin da farantin sola ke ba da wuta, ba da dare a kan batir ba, awa guda a wat 1500 ba wasa ba ne ga batir.

Na biyu, a soket ɗin bango kai tsaye ake sakawa. Waɗannan ekstenshan masu siririyar waya na kasuwa suna zafi su narke, na gyara gidaje da dama da abin ya faro daga nan. Na uku in wuta ta zo ba ƙarfi, za ki ga fanka na juyawa amma zafin bai kai ba, minti 55 ɗin da Ummu Sadiq ta faɗa sai ya koma awa ɗaya da kwata, shi ya sa maganar Nas Rabi ta ma'auni take da muhimmanci a ƙasar nan fiye da can.

Masu mita kuma lissafin mai sauƙi ne, kaza ɗaya ba za ta wuce yunit ɗaya da rabi ba, yawanci ma ƙasa da haka don na'urar tana kunna kanta tana kashewa in zafi ya kai.

Zee_Kitchen:
Injiniya to wadda aka kawo min tsaraba daga Amurka fa? tana nan a kwali ban taɓa kunnawa ba, lambobinta ma 350, 400 nake gani

Injiniya_Auwal:
Kar ki kuskura ki jona ta Hajiya sai kin duba takardar da ke manne a ƙasanta. Amurka wutarsu 120 ce, tamu 230. In 120V kawai aka rubuta, kina sakawa za ta ƙone nan take. Sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin na'urar, kuma kuɗin babbar irin wannan zai iya kai kuɗin sabuwar eya firaya. Lambobin kuma ma'aunin faranhait ne, 360 ɗinsu shi ne kusan 180 namu, 400 kusan 200, 74 ɗin da Nas ta faɗa kuma 165 ne a nasu.

Zee_Kitchen:
Innalillahi, Allah ya sa na tambaya

Sadiya_Gwale:
Nima ina da tambayar wuta. In kaza ta yi minti ashirin a ciki aka ɗauke wuta fa? don unguwarmu ba a yi mata alkawari

Ummu_Sadiq:
Ya faru da ni ana saura kaɗan baƙi su iso. Fito da ita na yi na raba huɗu na zuba a tukunya da ɗan ruwa da man da ya tsiyaya a ƙasan na'urar, na rufe a kan gas wuta kaɗan har ta dahu, sannan na ɗan soya sama-sama. Ba wanda ya gane ba haka aka tsara ba.

Nas_Rabi:
Haka ne daidai. Abin da ba a so shi ne a bar ta a ciki rabi ɗanya rabi dafaffiya ana jiran a dawo da wuta, ɗumin nan shi ƙwayoyin cuta suka fi so. Kar ta wuce awa biyu a haka, a zafin garinmu ma awa ɗaya. Haka kazar firiza, a firji ake barinta ta saki tun jiya, ba a shanya ta a rana ba, kuma a tabbata cikin ba ƙanƙara kafin ta shiga na'ura, in ba haka ba abin da Maman Ilham take tsoro shi zai faru, waje ƙonanne ciki ɗanye.

Maryam_Jos:
Mu koma kan ganye dan Allah, ni nan ne nawa. Ɗanyen rozmeri da tayim mu nan Jos ba wahala suke ba, ni a tsakar gida ma na dasa rozmeri a tsohon bokiti, reshe kawai na soka ya kama, ba ya son ruwa da yawa. Wanda ba shi da ɗanye busasshen tayim na gwangwani ya wadatar, amma a tuna busasshe ya fi ƙarfi, kashi ɗaya cikin uku na abin da za a sa na ɗanye. Rozmeri kuma a yi hankali da shi, in ya yi yawa kaza sai ta koma ƙamshin magani, reshe ɗaya ko biyu ya isa.

Abin da na lura da shi a eya firaya, in kika barbaɗa busasshen ganye a saman fata haka kawai fanka ce za ta kwashe shi, wani ya manne a ƙarfen sama ya ƙone ya yi hayaƙi. Tafarnuwa ma in tana waje baƙi take yi ta yi ɗaci tun kaza ba ta yi rabi ba. Don haka ƙarƙashin fata da Malam Abba ya faɗa shi ne wajensu.

Hajiya_Turai:
To ku ba ku da ɗoɗɗoya ne? ga na'ana'a, ga kimba, ga citta. Sai an nemo ganyen da sunansa ma ba ya faɗuwa a baki?

Maryam_Jos:
Hhh Mama ai ɗoɗɗoya tana yi, na taɓa cusa ta a ciki da lemon da albasa ta ba da ƙamshi mai daɗi. Sai dai ita da na'ana'a ganyensu laushi ne, wuta tana kashe ƙamshin, sun fi kyau a yanka su a zuba a romon bayan an gama. Kimba kam ban gwada da lemon ba, ina jin za su yi faɗa.

Abba_Kuku:
Citta da lemon tsami da tafarnuwa da ɗan attaruhu a ƙarƙashin fata, wannan haɗin na fi sayarwa fiye da na rozmeri in gaya muku gaskiya. Mutanenmu in ba su ji yaji ba sai su ce kazar asibiti ce.

Zara_Maradi:
Sannunku 'yan uwa. Mu nan zabo ya fi shiga ranmu, shin ana iya yi da zabo haka?

Abba_Kuku:
Ana yi Hajiya Zara amma zabo ba shi da kitse, saurin bushewa gare shi. Ki nemi matashi, ki ninka botar da ke ƙarƙashin fata, ki rage zafi zuwa 170, kuma ki fara dubawa tun minti 40. In tsoho ne bi hanyar Hajiya Turai, tafashe tukunna.

Zara_Maradi:
Madalla na gode

Maman_Ilham:
Na auna kazar da na sayo yanzu, kilo 1.8 ce, na gwada saka ta a kwandon ta shiga amma da ƙyar, ƙirjin ya kusa kai baki. In yi haka ko in canza?

Ummu_Sadiq:
Ta yi girma gaskiya. Iska ce ke gasa ta, in ta cika kwandon ba ta inda iskar za ta zagaya, gefe da gefe za su fito fari. Ko ki ajiye ta don miya ki sayo ƙarama.

Dan_Baiwa:
Ko ki yi yadda masu gashi suke yi mana, su ai ba sa ɗora ta a dunƙule, tsaga ta suke ta baya su baje ta a kan waya

Abba_Kuku:
Kun ga Dan Baiwa da ake wa dariya shi ya kawo mafita. Ki sa almakashin kicin ko wuƙa mai kaifi ki yanke ƙashin baya ta gefe biyu ki cire, ki kifa ta ki danna ƙirjin da tafin hannu har ki ji ya yi ƙas, ta baje. Tsayinta ya ragu ba za ta taɓa sama ba, kuma ta fi saurin dahuwa, wajen minti 45 zuwa 50 a irin girman nan. Matsalar kawai faɗi, in kwandonki bai ɗauke ta a baje ba sai ki raba ta biyu ki yi sahu biyu. Lemon da albasa sai ki yanka su da faɗi ki shimfiɗa a ƙarƙashinta.

Maman_Ilham:
Amma ni fa sukutum nake so ta fito a tire a gani, shi ne duk burin hhh

Bilki_Ingila:
To ki danna ƙirjin kawai ba tare da kin tsaga ba, ƙashin ya ɗan karye ya kwanta, ki ɗaure ƙafafun da zare mai kauri na auduga, ba na roba ba, ki lanƙwasa bakin fukafukan ki tura su bayanta don su ne ke fara ƙonewa. In kika ga sama na yin duhu da wuri ki rufa ɗan foyil a ƙirjin amma ki soke gefensa ƙarƙashin kazar sosai, in ya saki fanka za ta ɗaga shi ya manne a wuta. Kuma 1.8 ki sa ran awa ɗaya da minti goma ko fiye, ki sauke zafin zuwa 170 a farko. Ni dai da ni ce ƙarama zan saya.

Fa'iza_Tudunwada:
Ba wanda ya yi maganar hayaƙi. Ni duk sanda na sa abu mai kitse kicin ɗin cika yake da farin hayaƙi har maƙwabciyata ta leƙo

Maryam_Jos:
Kitse ne ke ɗiga a ƙasa yana ƙonewa. Ki yanke kitsen nan na wajen gindi da wuya kafin ki saka, ki zuba ruwa kamar cokali uku a ƙasan, ƙarƙashin kwandon, lokacin juyawa kuma in man ya taru ki tsiyaye shi a kofi. Kar ki zubar, da shi nake gasa dankalin Turawa bayan kaza ta fito tana hutawa, minti 18 zuwa 20 a 200 in an ɗan tafasa dankalin, yana kwashe duk ƙamshin lemon da tafarnuwa. Sannan ki duba ƙarfen sama in na'urar ta huce kin cire ta daga wuta, wani lokacin tsohon maiƙo ne ya daskare a can.

Sadiya_Gwale:
Juyawar fa da me kuke yi? ni ita ce ke ban tsoro, kaza da zafi ga mai

Ummu_Sadiq:
Muciya ƙarama ko cokalin katako nake zurawa ta cikinta, ɗaya hannun in riƙe da tishu mai yawa in juya. Kar ki sa cokali mai yatsu na ƙarfe, yana yaga fata kuma yana kankare baƙin shafen kwandon. Ki fito da kwandon ki ɗora a kan tebur tukunna, ruwan zafi yana taruwa a cikin kazar kuma zai zubo lokacin da kika karkata ta.

Abba_Kuku:
Ni ban cika juyawa ba ma in kazar ƙarama ce, kilo 1.2 haka, ƙirji sama tun farko har ƙarshe, fatar ta fi fitowa lafiya ba zanen kwando a jiki.

Ummu_Sadiq:
A tawa in ban juya ba bayan fari yake fitowa kuma ƙirjin ya bushe kafin cinya ta dahu, ƙila taka ta fi tawa ƙarfin fanka

Hajiya_Turai:
Maman Ilham in kin sayo ƙaramar, babbar nan kar ki mayar da ita firiza tunda ta riga ta saki, ki yi farfesu da ita yau.

Maman_Ilham:
To Mama insha Allah haka za a yi. Malam Abba tambaya ta ƙarshe, ba ni da bota a gida sai man shanu na Fulani, zai yi ko ƙamshinsa zai danne lemon ɗin?

Abba_Kuku:
In soyayye ne zai yi, ya ma fi bota jure wuta, amma cokali ɗaya kawai ki haɗa da man gyaɗa cokali ɗaya, kuma ki sa shi a firji ya ɗan daskare kafin ki tura ƙarƙashin fata, in yana ruwa zubowa zai yi. In da albasa aka soya shi ki rage tafarnuwa.

Dan_Baiwa:
A turo adireshi in an gama, ni zan zo da yajin ƙuli

Zee_Kitchen:
Injiniya na duba ƙasan tawa, 120V 60Hz aka rubuta. Akwai mai gyaran da zai iya canza ta ko in haƙura?